Giyar da Ungozoma Ta Zaɓa

Auta mai gyaran keke a bayan yayarsa ya girma. Mahaifiyarsu ta rasu yana rarrafe, yayar ce ta goya shi, ta sa shi makaranta, sannan ta koma nata karatun har ta zama ungozoma. Bai taɓa ganin ta yi wani abu don kanta ba, sai da ta haura hamsin likita ya ce sukari ya fara leƙo ta, ta riƙa motsa jiki.

Wasu 'yar tafiyar yamma suke yi su koma gida. Ita kuwa sai ta koyi iyo, ta sayi keke na hannu. Wata safiya ta turo shi shagon Auta, ta ce ta ba da sunanta a gasar nan mai hawa uku: a yi iyo a tafki, a fito a hau keke, a sauka a yi gudu.

"Yaya, motsa jiki aka ce, ba a ce ki kashe kanki ba."

"Kai dai duba min giyar keken. Akwai tudu a hanyar, kuma sau biyu ake hawansa."

Auta ya san tudun, ko manyan motoci da nishi suke haye shi. Ya rataye keken, ya goge tebur, ya ajiye mata farantan giyar baya iri biyu. Ƙaramin, mai haƙora kaɗan, in ji shi, yana cin hanya a shimfiɗe, amma a tudu kamar tura bango ne. Babban kuwa feda ba nauyi, sai dai ƙafa ta yi ta juyawa kamar keken ɗinki, tafiyar kaɗan. A ransa ƙaramin yake so, don samarin da ke zama a shagonsa giyar tsofaffi suke kiran babban, shi kuma ba ya son a yi wa yayarsa dariya.

Ta ce a gwada. Da ƙaramin ta haye tudun, Auta na biye da ita a babur yana murna. Amma da ta sauka, ƙafafunta sai rawa suke, dole ta dafa kafaɗarsa.

"Na hau," ta ce, "to da me zan yi gudun? Mai naƙudar da ta ƙarar da ƙarfinta tun farko, ita ke ba mu wahala a ƙarshe. Sa min babban, Auta."

Ranar gasa tana cikin na ƙarshen da suka fito daga ruwa. Auta ya tsaya a tsakiyar tudun cikin 'yan kallo. Hawan farko ta wuce shi a hankali, kanta sunkuye, ko kallonsa ba ta yi ba. A hawa na biyu, rana ta take, dab da inda yake tsaye sarƙar keken ta zame. Keken ya karkace, ta dire ƙafa da ƙyar.

Auta ya yunƙura, wani jami'in gasa ya tare shi da hannu: duk wanda aka taimaka wa daga waje, an cire shi. Mutumin da ke mayar da sarƙa ido rufe, sai ga shi tsaye hannuwa a baya.

Ta durƙusa kan kwalta mai zafi. Ta gwada, sarƙar ta kufce. Ta share zufa da bayan hannu, baƙin mai ya ɓata mata goshi, ta sake lalubawa da yatsu a natse har sarƙar ta hau. Saura tashi a tsakiyar tudu, abin da kan gagari matasa ma. Ta ɗora ƙafa ta taka. Keken ya yi tangaɗi, ya miƙe, ya fara hawa. Gefen hanya ya kaure da ihu. Auta ya bi ta da ido har ta ɓace a ƙwanƙolin tudun, yana ta maimaita "Ikon Allah" shi kaɗai.

Gudun ma ta yi shi, ba ta tsaya ba. Lokacin da ta iso an riga an raba kyaututtuka, ana tattara kujeru. Masu tattarawar suka ajiye aikinsu suka tafa mata.

Washegari ta tafi aiki, tana sauka daga matakalar asibiti da baya da baya saboda ciwon cinya. Da yamma ta biyo ta shagon, ta ja benci ta zauna da ƙyar.

"Ɗauko tsohuwar taya," ta ce, "ka koya min faci."