Shatin Yatsunsa a Bangon Soro

Jiya da hantsi ina neman allura a cikin adakata, sai wani ɗan makulli ya faɗo cikin kwanon sha, ya yi ƙara. Tun daga lokacin na kasa zama wuri ɗaya. Na fita tsakar gida, na dawo, na sake fita. Shi ya sa na aika aka kira 'yata ta zo da takarda, don ni ban iya rubutu ba. Ku da za ku karanta, in kun ji zancen yana yankewa ku yi mini uzuri. Kuka ne, kuma na daina jin kunyarsa.

A Durun na tashi, a gidan ƙasa mai soraye uku. Idan aka gama girbi, dawa ta shiga rumbu, sai a kwaɓa jar ƙasa da busasshiyar ciyawa a ƙofar gida, a tattake ta da ƙafa, a bar ta ta kwana uku. Mu yara namu ɗebo ruwa ne. Har yau hancina bai manta da warin wannan kwaɓin ba. Kakana ne yake yaɓe, da tafin hannu, kuma duk inda ya shafa sai ka ga shatin yatsunsa huɗu sun tafi a jere kamar kunyar gona. Bayan ya rasu, nakan bi bangon ina sa yatsuna a cikin nasa. Da rani ya zagayo, mahaifina ya ɗebo ƙasa ya rufe su duka. Na yi ta birgima ina ihu an shafe mini Kaka. Kakata ta ɗaga ni, ta share mini majina da haɓar zanenta, ta ce, “Ke dai wawiya ce. Hannun kakanki yana ciki. Na ubanki rufa masa asiri ya yi, don kada ruwa ya cinye shi.”

Ita ɗin ce kuma, duk safiyar damina, take bin sorayen nan ɗaya bayan ɗaya tana buɗewa, har wanda ba kowa a ciki. Ta ɗaga kai ta duba azara, ta shafa kusurwa ta ji ko da danshi. Na ga wannan da idona shekara da shekaru, ban ce ban gani ba.

Aure ya kawo ni wani ƙauye kusa da Kabo. Maigidana, Allah Ya jiƙansa, a masaƙa yake aiki a Kano, burinsa ya yi mana ginin siminti da rufin kwano. Sai zamanin tsuke bakin aljihu ya zo, aka sallame su, ya dawo gida da rediyo da akwati ɗaya. Siminti ya fi ƙarfin irinmu. Bai yi ƙorafi ba, ya tuɓe riga ya gina soronsa da hannunsa, duk rani kuma shi yake yaɓe shi. Ɗan yatsansa ɗaya injin masaƙa ya lanƙwasa, don haka shatinsa ba ya ɓuya: uku a miƙe, ɗaya a karkace.

Ya rasu a shekarar da ko'ina ka zauna maganar shari'a ake yi, a rediyo da bakin rijiya. Da aka raba gado soron ya faɗa rabon autana, shi kuma ya bar mini. Na bar rigar Juma'arsa a kan ƙusa, da buzunsa da butarsa, na sa kwaɗo na kulle. Da rani ƙanin mijina ya zo da maganar yaɓe, na ce ba wanda zai taɓa bangon.

“Haba Yaya,” in ji shi, “bango kike wa takaba kuma? Ki bari mu yaɓe shi. Rigar nan ma a ba da ita sadaka, ladan ya isa gare shi. Ba ki ji abin da malamai suke faɗa ba?”

Na ce, “Malamai sun ce a taɓa rabon wani? Kai dai rigar kake so, ga ta ta fi ƙarfin kafaɗarka.”

Ya yi dariya ya tafi. Rani biyu muna haka.

Autan nan nawa likita ne a ƙasar Sikotilan. Ya matsa sai na je na huta, ya ce kuma sai da damina, don a lokacin ne sanyinsu yake sassautawa. Na tafi a tsakiyar marka, makullin nan yana ƙulle a haɓar zanena. Ko 'yata ban bar wa ba.

Ban huta ba. Rana ba ta faɗuwa da wuri a can, in yi ta leƙen taga ina jiran magariba kamar mai jiran baƙo. Da ya ga na rame, sai wata Asabar ya ce zai kai ni yawon buɗe ido wani ƙaramin tsohon birni, wanda bakina bai taɓa iya kama sunansa ba. Komai na garin dutse ne: gidaje, gada, har titin da muke takawa, ga shi da santsi, ga hawa. Muka wuce wani ƙato da zane iya gwiwa yana busa wata algaita mai jaka. Na ce wa autana, “Wannan matarsa ta san ya fito da zanenta?” Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, “Inna, rufa mini asiri, kayan gargajiyarsu ne.” Ni ma na yi, ita ce kaɗai dariyar da na yi a garin.

Yayyafi ake yi, irin wanda ba ya tsayawa. Kowa yana ɗaukar hoto, ni kuwa indararo nake kallo, ina duba ta inda ruwa yake sauka daga rufinsu. Hannuna yana kan makulli. A ranar da safe ƙanin mijina ya aiko saƙo ta wayar wani mai shago a Kabo, cewa an kwana uku ana ruwa, bayan soron ya tsage, in ba da izini a fasa kwaɗon a tokare azara. Na ce a jira ni. Na san in ya shiga, rigar ta tafi.

Muka hau har gidan sarakunansu na dā, a kan wani ƙaton dutse, kana hango gonaki kore shar har ƙarshen gani. Wata dattijuwa mai furfura ita take zagayawa da mu, autana yana juya mini maganarta. Ta kai mu wani ɗaki da aka gitta wa igiya a ƙofa. Ga gado, ga kujera, ga mayafi, mai ɗakin kuwa ya mutu tun kafin kakan kakana. Na ce a raina, ashe ba ni kaɗai ba ce, ga masu ilimi ma suna kulle ɗakin mamaci.

Na ce ya tambaye ta ko shekara nawa ɗakin yake a rufe. Matar ta girgiza kai tana murmushi. Autana ya ce, “Inna, ta ce ba a rufe yake ba. Kullum da safe sai an buɗe shi an duba danshi. Wancan bangon ma bara aka sake shafe shi. Ta ce in aka bar shi yadda mai shi ya bar shi, da tuni ya zube, ko da yake dutse ne.”

Wallahi muryar kakata na ji, a bakin Baturiya. Na kama hannun rigarsa na ce, “Kira su. Yanzu. Ka ce a fasa, a tokare, a ɗauki rigar ma in ana so.”

A tsakar gidan sarautar nan ya tsaya cikin yayyafi yana ta danna waya. Sai an sami mai shagon, shi kuma sai ya hau babur ya shiga ƙauye cikin taɓo. Na zauna a benci, na tashi, na zagaya wata tsohuwar igwa ban san sau nawa ba. Autana ya sayo mini shayi ya huce a hannuna. Muna cikin jirgin ƙasa za mu koma wayar ta yi ƙara. Ya saurara, ya ce, “Innalillahi,” ya juya fuska wajen taga. Rufin ya rufta tun da hantsi, muna hanyar zuwa.

Da na dawo, bango ɗaya na tarar a tsaye, na gabas. Ƙanin mijina ya tono rigar daga cikin ƙasa, ya sa an wanke, ya ninke ya ajiye mini. Ni da kaina na kai wa ladanin masallacinmu ita.

Da rani ya zo na sa aka kwaɓa ƙasa. Na tsaya gaban bangon na daɗe, na sa yatsuna a cikin na maigidana, uku a miƙe, ɗaya a karkace. Sannan na ɗebo ƙasa na rufe su, ina yi ina kuka, mata suna leƙe ta katanga suna cewa tsohuwa ta zautu.

Yanzu duk unguwar bulo ce da kwano, yaran ma ba su san warin kwaɓi ba. Autana ya gina mini ɗakin siminti da rufin kwano, idan ana ruwa ba na jin maganar kowa. Bangon nan kuwa yana nan, duk rani nake yaɓe shi, sai dai bana hannuna bai kai sama ba. Na faɗa wa 'yata, ga ta nan tana rubutawa tana share ido: baɗi ke za ki yi, kuma kada ki tsaya kallon nawa, ki rufe su.