Amon Ruhewar Baba

Ba zan ce mu muka fara kiɗan fonk a yankin Gidan Rumji ba, don ban bincika ba, kuma mai yiwuwa wasu sun riga mu suka yi shiru. Abin da zan iya faɗa ba fargaba shi ne, a babban farin shekarun tamanin, shekarar da damina ta leƙo ta koma, mu uku mun yi kaset ɗinmu na farko, kuma a cikin ruhewar mahaifina muka yi shi.

Lokacin na dawo daga jami'a a Yamai da takardar lisansi, wato digiri, ina zaune a ƙauyenmu kusa da Tibiri ina jiran a tura ni aiki. Gwamnati kuwa tana da abin da ya fi ni damunta. Sai abokaina biyu na lakol, wato makarantar boko, suka nemo ni. Ɗaya yana aikin allura a Gazawa, shi ne mawaƙi kuma mai jita. Wandonsa ya fi tabarma faɗi daga gwiwa zuwa ƙasa, kuma ta hannun direbobin iyaka ya samo amfili mai ƙara sauti, da manyeto, wato akwatin ɗaukar murya. Ɗayan, makaɗinmu, Bafillace ne, iyayensa na kiwo wajen Gidan Sori. Shanunsu sun ƙare a shekarar, shi ya ɗinke gangunansa da kansa da fatunsu. Yakan ce, da Hausarsa mai lanƙwasa, yana kiran saniya da yarensu, “Nagge ta tafi, ta bar mini riga. To in buga rigar.”

Ni aka ba bas, ƴar'uwar jita mai kaurin murya. Na karɓa ne don igiyoyinta ba su kai na jita yawa ba, na ga wurin kuskure ya ragu.

Fonk muke yi, da rok, da sol, irin waɗanda muka ji a faya-fayan da ke ƙetarowa daga Najeriya, sai dai da Hausa muke rerawa. Ba mu da ubangida, ba mu da kamfani. Waƙoƙi sun haɗu, wurin ɗauka ne ya gagara. Mun gwada wani aji a Gidan Rumji lokacin hutu, rufin kwano ya yi ta ƙas-ƙas da rana, wani jaki kuma ya shigo daidai amshi, kuma a gaskiya bai yi kuskuren murya ba. Mun gwada ɗakin mawaƙin a Gazawa, babura suka cika kaset. Mawaƙin ya saurara ya kashe manyeto ya ce, “Sautin nan ya bushe kamar gonar bana.”

A nan sai in yi bayanin ruhewar. Rumbun laka ne, kakana ya gina ta bisa duwatsu, bakinta a sama da hular ciyawa, ba a shiga sai da tsani. Duk yankin ba ta da na biyu a girma. A farin farko, na shekarun saba'in, ita ta riƙe unguwarmu, shi ya sa a wannan shekara duk wanda ya wuce sai ya ɗaga kai ya dube ta. A wurinmu kuwa ba a leƙa rumbun mutum, ba a tambayar abin da ke ciki. Ko matan gida abin da aka sauko musu da shi suke gani.

Makon da na dawo Baba ya hau da ni ya ɗaga hular. Babu ko zangarniya. Dami ɗaya ne rak yake reto a igiya kusa da baki. Kullum da hantsi Baba yakan jingina tsani, ya yi gyaran murya yadda maƙwabta za su ji, ya hau ya sauko da damin a kafaɗa ya shige gida. Da asuba ya mayar da shi. Mu kuwa garin rogo muke ci, wanda Inna ke sayowa a ɓoye ƙarƙashin zane. Damin nan ya hau ya sauka har ya fara sanƙo.

“Ran da suka san ba kome ciki,” in ji Baba, “rabin garin nan za su ɗaure kaya su yi kudu. Ka riƙe bakinka.”

Na riƙe. Ina jin ban taɓa riƙe wani abu da ƙarfi haka ba.

Sai ga mawaƙin ya zo gidanmu gaisuwa tare da makaɗin. Ya jingina babur ɗinsa a gindin ruhewar, yana surutu, ya ƙwanƙwasa jikinta da makulli. Ta ce gum, amon ya zaga ciki ya dawo a hankali. Makaɗin ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa, don ya gane nan take. Shi kuwa mawaƙin ɗan birni ne, ɗan ma'aikacin buro, wato ofis, bai ji yunwa a cikin amon ba, situdiyo ya ji. Kafin in kama rigarsa ya durƙusa gaban Baba.

“Baba, don Allah a ara mana ɗakin nan na yini ɗaya.”

“Wane ɗaki?”

“Wannan mai hula. Tun da ba kome ciki.”

Baba ya dube ni, na girgiza kai da sauri har wuyana ya yi ƙara. Ya dubi mawaƙin da wandonsa. Har yau ban tabbata abin da ya sa ya yarda ba. Wataƙila ya ga gara ya jawo mai bakin nan cikin asirin da ya bar shi a waje. Wataƙila kuma ya gaji da zama da abin shi kaɗai.

“Iska ce a ciki,” ya ce. “In kuna da amfani da ita ku ɗiba. Amma ran kasuwa, in gari ya watse. Kuma in na ji maganar nan a bakin wani, kai mai allura, da kaina zan yi maka ita.”

Ranar kasuwar Gidan Rumji muka kawo batirin aro na kamiyo, wato babbar mota, a amalanke, an lulluɓe shi da zana kamar amarya. Da igiyar guga muka zura kaya ɗaya bayan ɗaya: batir, amfili, manyeto, ganguna, sannan mu. Baba ya mayar da hula ya bar ƴar kafa, ya shimfiɗa buzunsa a ƙasa yana gadi da carbi.

Zafin ciki ba zan iya kwatanta shi ba. Amma da na taɓa igiyar farko, sai na ji sautin ya fita ya kewaye bango ya dawo ya shiga ƙirjina ya zauna. Ban taɓa jin kaina na iya kiɗa ba sai ranar. Ganguna suka yi kauri. Kowane bugu kuma yana kakkaɓo tsohon ƙaiƙayi daga bango ya zubo mana a wuya. Ihun da mawaƙin ya yi a waƙar fonk ta farko, wanda daga baya samari suka yi ta kwaikwayo a Agye da Gazawa, ba salo ba ne. Ƙaiƙayi ne ya shiga wandon.

Mun zo waƙar sol, mai sanyi, wadda muka fi ji da ita, ta wani da ke roƙon hadari ya tsaya ko gaisawa a yi. Tana tafiya lafiya lau, sai haske ya faɗo mana a ka. Baba ne ya ɗaga hula ya zuro kai.

“Kai, Bafillace! Sassauta hannunka, kak ka tsaga mini ruhewa. Ba kome cikinta, amma ita kaɗai gare ni!”

Ya mayar da hula. Manyeto kuwa yana ta juyawa.

Muka yi gardama a cikin duhu, gumi na zuba. Mawaƙin ya rantse wannan ne wuri mafi daɗi a kaset ɗin duka, a bar shi. Ni na ce ko a goge ko in zauna a kan manyeton har gobe. Batir ya fara sanyi, ba halin sake waƙar. A ƙarshe makaɗin ya ce a mayar da zaren baya a ɗora bugun ganga a kan maganar. Haka aka yi. Wanda ya san kaset ɗin zai tuna wurin da waƙa mai taushi take yankewa ganga ta rufto ba sallama. Wasu sun ce sabon salo ne. Ni dai na saurari wurin har kunnena ya yi tsami, don in tabbatar ko tarin Baba bai rage ba.

Wani mai kwafar kaset a Maradi ya buga mana. A bangon kaset ɗin hotonmu ne a gaban zanen jirgin sama, ni ina kallon gefe kamar wanda ake nema. Na hana a rubuta inda aka ɗauka. Ba zan ce kaset ɗin ya karɓu ƙwarai ba, mutane na da abin da ya fi kiɗa damunsu. Amma direbobin taksin daji, masu jigilar ƙauyuka, sun so shi, masu shayi ma haka. Na fara barci da ido biyu rufe.

Rannan bayan la'asar sai ga taubashin Baba, ɗan ƙanwar kakana, wanda tun suna yara ba su taɓa gaisawa ba zagi ba. Rediyo mai kaset na rataye a kafaɗarsa.

“Bawana, taho ka ji abin da ɗanka ya yi.”

“Ni ne bawanka? Kai da aka karɓo da ƙwaryar dusa?”

Ya zauna a buzun Baba ba izini, ya danna. Bas ɗina ya fito, gum, gum. Ya ɗaga yatsa.

“Ka ji? Duk wanda ya taɓa sharar ruhewa ya yi tari a ciki ya san wannan amon. Kuma mai faɗin ciki haka, daga nan har Tibiri, ɗaya na sani.”

Na ce masa, “Ai, Baba, ba lalle ba ne. A Maradi akwai na'urori, kuma in aka duba ta wani ɓangaren, rijiya ma tana iya...”

“Ɗan lakol, zauna,” in ji taubashin.

A zaune nake, amma na ƙara zama.

Baba bai yi dariya ba. Ya tambaya a hankali, “Wa kuma ya ji?”

“Duk majalisar mai shayi.”

“Shi ke nan. Sai su ɗaure kaya.”

Taubashin ya yi dariya har rediyon ya zame daga cinyarsa. “Kaya? Kai tsoho, tun yaushe kaji suka daina kiwo a gindin ruhewar nan? Ko ɓera ya yi ƙaura. Damin nan naka mai jar igiya kuwa, ladan muke ce masa, don kullum sai ya hau sama. Jiya matata ke cewa ladan ya rame.”

“Kun sani?”

“Tun kaka.”

“Mi ya hana ku faɗa?”

“Mu faɗa ka daina hawa? Mu kalli mi da safe?” Ya rage muryar rediyon, shi ma ya rage tasa. “Mai tafiya zai tafi, ko ka cika ta da zinariya. Mai zama kuma ba don kai ya zauna ba. Amma ga abin da ya kawo ni. Ana rabon jar dawa ta agaji a Gidan Rumji. Tsofaffin garin nan ba mai zuwa, kowa na cewa in kai ba ka je ba shi ba zai fara ba. Gidaje nawa ke kwana da ruwan zafi saboda tsaninka. Yanzu da ɗanka ya sa ruhewar ta faɗa da bakinta, har a Agye an ji, sai ka sauko.”

Baba ya dubi ruhewar, ya dube ni. Na shirya jawabi mai sassa da dama, amma bai nema ba. Ya tashi ya shiga gida ya fito da damin, ya ajiye a gaban taubashinsa.

“Ga ladan. Kai wa matarka, tun da ta damu da shi.”

Washegari da hantsi ba a jingina tsani ba. Amalanke aka ɗaura, Baba a gaba da babbar rigarsa da buhu a ninke ƙarƙashin cinya, tsofaffi suka yi ta fitowa daga zauruka suna hawa, kowa na cewa dama yana da wata ƴar buƙata a Gidan Rumji. Ni na ja jakin. Taubashin ya kunna kaset ɗinmu tun daga bakin gari, kuma duk hanya yana gardama cewa tasa ruhewar, ko da ƙarama ce, ta fi zaƙin murya, kaset na biyu a can za a yi. Wani tsoho ya ce tasa ta riga ta kowa zama fanko, don haka ta fi ƙwarewa.

Ba zan ɓoye ba, wasu gidaje sun tafi kudu kafin damina, ciki har da iyayen makaɗinmu, shi ma ya bi su. Shin da sun tafi ko ba a yi kaset ba? Ina jin da sun tafi, amma ba zan rantse ba. Kaset na biyu dai ba a yi shi ba.

A hanyar dawowa, buhunan jar dawa a ƙarƙashinmu, waƙar hadari ta zo. Baba ya sa hannu a kunne yana jira. Ganga ta rufto a wurin nan, ta wuce.

“Ina maganar da na yi?”

“Mun goge, Baba. Ni na ce a goge.”

Ya juya ga taubashinsa. “Ka ji aikin lisansi. Magana ɗaya mai ma'ana a cikin abin nan duka, ita suka goge.”