Jar fitilar da Habibu ya rufe da addu'a

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar ƙanena Habibu, amma har yau in na zauna a gaban mota ba titi nake kallo ba. Gaban direba nake zuba wa ido, wurin agogunan nan da ƙananan fitilu. Mutanen unguwarmu ta Ogui a nan Inugu sun san ni da wannan hali, har tsokanata suke yi wai ni mai sayar da albasa na fi direba iya tuƙi. Ba na musu da su. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Habibu direban haya ne, Inugu zuwa Anacha. Motarsa tsohuwa ce, amma ko amarya ba ta sha kwalliyar da ta sha ba. Agoguna uku masu farin baki ya sayo a kasuwar kayan mota ta Coal Camp ya jera a kan dashbod, kuma babu wanda aka haɗa da inji. Wayar wuta kawai aka ja musu don su yi haske shuɗi, allurarsu kullum a tsakiya, ko motar na gudu ko tana tsaye. In ya ɗaga bonet kuwa, sai ya kira mutane kallo: notoci masu ruwan zinare, jajayen tiyo, murfin mai yana ɗaukar ido. Na taɓa tambayarsa wa zai ga cikin inji da zai ɓata ƙarfinsa haka. Ya ce, "Yaya, wa ke ganin singiletinka? Amma kullum fara kake sawa." Sai na yi dariya.

Wata rana wata jar fitila ta kama a gabansa ta ƙi mutuwa. Ba tsoro ta ba shi ba, haushi ta ba shi, don ta ɓata masa shuɗin da ya tsara. Kun san direbobinmu, ba mai hawa hanya babu addu'a manne a mota. Sai ya samo ƙaramar sitika mai addu'ar hawa abin hawa da rubutun Larabci, ya manna ta daidai kan fitilar. Jifa ɗaya, tsuntsu biyu: ga tsari, ga kwalliya. Na sha shiga motar ina karanta addu'ar, ban san akwai abin da ke ci a ƙarƙashinta ba.

Da rana tsaka ya rasu, yana dawowa daga Anacha shi kaɗai da kaya. A gangaren nan mai kwana-kwana na shigowa Inugu ya taka birki, birki ya tafi ƙasa. Allah ya jiƙansa.

Ranar sadakar uku Chidi ya zo, bakanikensa, Inyamuri ne da suka shaƙu ƙwarai. Ya ja ni gefe yana share ido, ya ce ya ga jan haske yana leƙowa ta gefen sitikar tun makonni kafin nan, kuma ya gaya masa da bakinsa, "Aboki, light dey show o," wato fitila na ci fa. Habibu ya yi dariya ya ce sai ya dawo. Fitilar birki ce, man birki ne yake zuba a hankali. Na ce to me ya hana shi ɓare sitikar ya nuna masa? Ya dube ni ya ce, shi Kirista, ya sa farce ya ɓare rubutun Larabci a motar Bahaushe, a tsakiyar gareji, mutane na kallo? Hannunsa ya kai ya dawo. Ban ga laifinsa ba, domin ni da nake Musulmi ma da sai na yi jim. Ajali ba ya wuce ranarsa, na sani. Amma an ce tashi in taimake ka.

Wani lokaci nakan ce da Habibu zai leƙo yau, da ya ga duniyarsa. Samarin unguwar Uwani har ƙarƙashin mota suke sa wa fitilu, ga allo a gaba kamar talabijin, ga agoguna iri-iri da ake zaɓa a waya a kawo maka har gida. Na san ba faɗa zai yi musu ba, farashi zai tambaya. Wannan shi ne abin da ke tsorata ni, domin ya bar ɗa, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Mubarak sunansa, a nan aka haife shi, Inyamuranci a bakinsa kamar ruwa. Watan jiya bayan la'asar ya zo ƙofar rumfata da motar da zai fara haya da ita, hanyar ubansa. Na shiga gaba don in sa albarka. Agogunan nan uku na fara gani; ashe uwarsa ta adana su tun daga tarkacen waccan motar. Sannan idona ya sauka kan gilashin gaban sitiyari, na ga sitika. Albarkar da na shigo da ita ta maƙale.

Na ce, "Mubarak, me ke ƙarƙashin wannan?"

Ya ce, "Baffa, addu'a ce fa. Haka na sayi motar a hannun wani ɗan Arewa, ai ba a ɓarewa."

Na ce, "Ban ce ka yar ba. Ɗaga ta sama, can ne ma ya fi dacewa da ita."

Ya yi bisimilla, ya sa farce a hankali ya ɗago ta, ya manna ta sama da madubi. Ya tayar da mota. Ƙananan fitilun suka kama gaba ɗaya, suka mutu ɗaya bayan ɗaya, sai guda. Ya sauke birkin hannu, tana nan ja. Agogunan ubansa kuwa na ta shuɗinsu, allura a tsakiya. A ranar muka sa aka ja motar zuwa wurin Chidi, wanda yanzu furfura ta cika masa kai, kuma a hanya na gaya wa yaron yadda ubansa ya mutu, abin da aka daɗe ana taƙaita masa da cewa hatsari ne.

Me ya saura na Habibu? Dariyarsa tana bakin ɗansa, son kwalliyarsa ma haka, kuma ban hana shi ba. Agogunan suna kan dashbod, addu'ar tana sama, ni kuma tsoron yana nan inda ya bar mini shi. Gobe da safe Mubarak zai ɗauki fasinja zuwa Anacha. Zai biyo ta rumfata tukuna, ya kashe motar ya sake tayarwa a gabana. Sai na ga jar fitilar ta kama, na ga ta mutu, sannan bakina zai iya cewa Allah ya kiyaye hanya.