Ranar da Baba ya kira sunana

Shekarun baya, ina ɗaliba a Samaru, aka sa wa mahaifina ranar aikin ƙaba a wani asibiti a Sabon Gari. Ni ce 'yar fari, don haka tunda na yi wayo bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke". Amma ni ce mai sayo masa ƙwayar hawan jini a kemis ɗin abokinsa a Muchia, har ina jin kaina rabin likita.

Da likita ya zo yi masa tambayoyi, Baba ya ce in je in duba ko an kulle mota. A bas muka zo. Na gane kunya ce, ciwon ƙasan cibiya ba a zancensa gaban 'ya. Na fita ina dariya. A bayan idona aka tambaye shi ko yana shan wani magani, ya ce lafiyarsa lau, alhamdulillahi. A wurinsa ƙwayar nan kamar goro take, ba ya kiran ta magani.

Allurar kashin baya aka yi masa, wadda ke kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa, mutum kuma idonsa biyu. Nas ta ce yana cikin ba su labarin zamanin aikinsa a jirgin ƙasa sai bugun zuciyarsa ya fara ja baya. Ya yi shiru a tsakiyar magana, zuciyar ta tsaya. Sun sha fama kafin ta dawo.

Likita ya fito jiƙe da gumi, ya tambaye ni ko Baba na shan wani abu. Na ciro ƙwayar daga jakata. Ya daɗe yana kallon ta.

"Ita ma rage bugun zuciya take yi, kamar allurar," in ji shi. "Da na sani da na shirya."

Bayan 'yan kwanaki Baba ya farfaɗo. Ya dube ni, ya kira sunana ɓaro-ɓaro a gaban kowa. Ƙannena suka hau murna, wai ya gane mutane. Mahaifiyata kuwa bango ta fuskanta tana hawaye, don ita ta riga mu gane cewa ba dukansa ya dawo ba.

Tun daga nan, in na raka babba asibiti, ko harara ta aka yi ba na fita sai na faɗi abin da yake sha. Duk ƙuruciyata burina in ji sunana a bakin Baba. Har ya rasu yana kira, ni kuwa wallahi "ke" ɗin nan nake kewa.