Alhaji Ba-Ragi Ya Tafi, Ku Yafe Masa Tsadarsa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina ƙulla daddawar da zan fita da ita kasuwa, ɗana Nasiru ya leƙo ɗaki da waya a hannu ya ce, "Mama, Alhaji Ba-Ragi ya rasu."

Sai da na nemi bakin gado na zauna. Yau ban fita kasuwa ba.

Duk wanda ya taɓa sa taya a mashin a garin Jalingo ya san wanda nake nufi. Dilan tayoyi da kayan mashin na bakin babbar kasuwa, dogon nan mai farin gemu. Iyayensa daga Katsina suka zo, shi kuwa nan aka haife shi. Ba kowa ya san sunansa na yanka ba. Ba-Ragi ne ya bi shi, kuma da kansa yake amsawa.

An ce a ambaci mamaci da alheri, kuma zan yi. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, bawan Allahn nan yana da tsada. A kan tsadar ce ma ya bar mini saƙo in isar muku, don haka ku yi haƙuri ku karanta har ƙasa.

Haɗuwarmu ta farko faɗa ce.

Lokacin Nasiru ya samu aikin lafiya, ana tura shi ƙauyukan bayan duwatsu yin riga-kafi. Mashin na hannu ya saya, tayoyin sun cinye sun yi sumul kamar tafin hannu. Albashi bai fara shigowa ba, ni kuma barci ya ƙi zuwa ina sane da abin da yake hawa. Na ce ni zan saya masa sababbi.

Kun san an hana mashin yawo cikin garin Jalingo, don haka a gidan abokin aikinsa yake ajiye shi can bayan gari. Sai ya kwance wili biyun, wato ƙafafun mashin ɗin, ya kawo mini gida a unguwar Sintali, ni kuma na sa su a keke-napep tunda kasuwa hanyata ce.

Tayoyin a wurin wani mai sauƙi na saya. Aka ce mini in ina son aiki mai kyau in kai shagon Alhaji a sa, don shi ke da injin balansin, wato injin da ke daidaita nauyin wili kada mashin ya riƙa rawa in an taka gudu.

Ni da ma jin "rawa in an taka gudu" ya ishe ni. Na kinkima na kai.

Alhaji ya juya tayoyin ya tambaye ni inda na saya. Da na faɗa, ya ce ai tunda ba a shagonsa na saya ba, kuɗin sawa daban ne. Ya fara jerowa. Cire tsohuwa da kuɗinta, sa sabuwa da kuɗinta, balansin da nasa, 'yan guntayen darmar da ake liƙa wa wili su ma da nasu. Da ya haɗa, kuɗin aikin ya kusa kamo kuɗin taya guda.

Na roƙe shi, na ce marainiyar Allah ce ni, daddawa nake sayarwa. Ya ce, "Hajiya, ragi sai layin masu tumatir."

Na biya, ina jin zafin abin.

Bayan 'yan kwanaki wani mai faci a unguwar Majidaɗi, mijin maƙwabciyar ƙanwata, ya ji labarin ya riƙe baki. Ya ce da shi na kai wa, ko rabin haka ba zai karɓa ba, kuma ƙaramin mashin da ke bin hanyar ƙauye yana tafiya yana tsayawa, balansin ɗin ma ba dole ba ne.

Na koma shagon da fushina. Na faɗi abin da ke bakina a gaban kwastomominsa. Alhaji ya sa aka ba ni kujera da ruwan leda, ya saurare ni har na gaji. Sannan ya tambaye ni ko ya tilasta mini. Na ce a'a. Ya ce to.

Ko kwabo bai mayar mini ba. Na tashi na ce ni da shagon nan har abada. Allah ya so ban rantse ba.

Da damina ta yi nisa, wata rana Nasiru ya fita aiki bai dawo ba. An wuni ana ruwa. Na kira layinsa har cajina ya ƙare, ba ya shiga. Uwa ta san irin abin da zuciya ke nuna mata a irin wannan lokaci.

Gari na wayewa ban tsaya ko'ina ba sai shagon Alhaji, ana cikin buɗewa. Ba taimako na je nema ba. Zuwa na yi in ce masa in wani abu ya samu ɗana, tayar da ya sa ce.

Bai musa mini ba. Ya dai tambaye ni wace hanya yaron ya bi, kuma wane irin mashin ne. Ya zaro wayarsa.

Ashe duk hanyar da ta fita daga Jalingo, makanikai da masu facin da ke kanta a wurinsa suke sarin kaya. Ya san su da sunansu, ya san bishiyar da kowa ke zama a ƙarƙashinta. Ya riƙa kiransu ɗaya bayan ɗaya, wannan da Hausa, wancan da Fulatanci. Wannan ya ce ya ga wucewarsa jiya da hantsi, wancan ya ce bai ga dawowarsa ba. Haka ya bi sawun ɗana yana zaune a kan kujerarsa.

Can ya samu wani makanike Bamumuye da ke gindin dutse. Sai ya buɗe muryar wayar ya miƙo mini. Mutumin ya ce, "Mama, kar ki damu, likita yana nan wurinmu. Rafi ne ya cika, ba wanda ya wuce. Yanzu ma doya yake ci."

Na yi kuka a shagon mutumin da na ce ba zan ƙara takawa ba. Shi kuma ya juya baya yana ta gyara kwalayen da ba su buƙatar gyara, har na share hawayena.

Na kwance bakin zani zan biya shi katin da ya ƙona. Ya ce in mayar, wannan ba kayan shago ba ne.

Daga ranar na zama 'yar gida. In Nasiru ya shiga inda babu netwok kuma hankalina ya tashi, sai in bar wa maƙwabciyata tirena in tsallaka. Na gaya wa wata, ta gaya wa wata. Aka wayi gari matan masu mashin da iyayensu suna zuwa. Ya sa aka ajiye mana benci a inuwa, yana kiransa bencin masu cigiya. Bai taɓa cewa mun dame shi ba, ko da shago ya cika.

Akwai ranar da ya faɗa mini maganar da ta ƙona mini rai. Ya ga ina ta danna kiran Nasiru, yana katsewa ina sakewa. Ya ce:

"Maman Nasiru, in kina son ɗanki ki daina kiransa yana kan mashin. Zai ga sunanki, ba zai iya ƙin ɗauka ba, ya saki hannu ɗaya a kan gangare. Na ga wanda wayar gida ta kayar, tayarsa kuwa sabuwa ful."

Gaskiya ce, ita ce ma ta sa ta yi zafi.

Ya ce in riƙa tura saƙo, in yaron ya tsaya zai gani. Lokacin ban daɗe da shiga ajin yaƙi da jahilci ba, don sai da na aurar da 'ya'ya mata na samu sukunin zama gaban allo. A kan bencin nan na haɗa saƙona na farko a waya, "Ka isa lafiya?" Alhaji bai karɓa ya rubuta mini ba, bai kuma hanzarta ni ba. Da la'asar amsa ta shigo, "Na isa Mama."

Tun daga nan nake rubutu a waya, har ga shi kuna karantawa.

Amma fa kada ku ɗauka zumuncin ya taɓa farashi. Duk lokacin canjin taya sai mun yi. In ce masa Alhaji ka ji tsoron Allah, ya ce shi yake ji shi ya sa yake faɗin kuɗinsa kafin ya taɓa aiki. Wani lokaci Nasiru ya zame ya kai wilinsa Majidaɗi. Alhaji ya samu labari, ya ce mini ashe mun koma wurin masu araha, Allah ya ba da sa'a. Washegari na zo cigiya, ya ɗauki waya kamar ba a yi ba.

Ganinmu na ƙarshe makonni kaɗan ne da suka wuce.

Ciwon suga ya ci shi, ya rame, ƙafa ɗaya a naɗe. Babban ɗansa Mustapha ke riƙe da shagon, shi kuma ana kawo shi ya zauna a waje ya ga mutane. Zan wuce ya yafito ni.

Muka gaisa, na yi masa ya jiki. Ya tambayi Nasiru da hanya. Sai ya juya yana kallon masu aiki suna ɗora wili a kan injin nan. Ya ce tun da ya kwanta asibiti abu ɗaya ke hana shi sukuni. Bai taɓa sayar da jabu ba, bai taɓa ɓoye farashi ba. Amma ya san ranar da na kawo wili biyun nan tsoro ne ya kawo ni, kuma ya gani a fuskata.

"Na san ba za ki iya juyawa ki tafi ba. Da yawa haka na yi musu. Ki yafe mini."

Na ce Alhaji na yafe tuntuni, duniya da lahira.

Ya ce, "Ke ɗaya ce. Sauran fa? Wasu ko sunansu ban sani ba. Ke da mutane ke karanta abin da kike rubutawa, in kin ji na tafi, ki roƙa mini su."

Na ce ya daina irin wannan magana, zai tashi. Don in sauya zancen na ce to tunda abin ya zo haka, tayar Nasiru ta baya ta kusa, sai a yi mana ragi. Ya yi dariya har da tari. Ya ce shi yafiya ya nema, ragi kuwa in tambayi Mustapha, shi ya yi ritaya.

Da dariyar nan muka rabu.

Ɗazu Nasiru ya dawo daga jana'iza. Ya ce layin ya cika maƙil. Makanikai da masu faci da masu mashin daga ƙauyuka sun ajiye mashinansu a bakin gari sun shigo a keke, Musulmi da Kirista. Har makaniken nan na gindin dutse ya gani a tsaye a gefe, ya cire hularsa. Da liman ya ce duk wanda mamaci ya ɓata wa ya yafe, Nasiru ya ce amsar da ta tashi sai da tsigar jikinsa ta tashi.

Mustapha kuma ya shaida wa Nasiru cewa kafin rasuwar mahaifinsu ya yi masa wasiyya biyu game da shago. A daina ƙara wa mutum kuɗin sawa don ya sayo tayarsa a wani wuri. Kuma kada a ɗauke bencin.

To jama'a, ga saƙon na isar.

Na san cikin masu karanta wannan akwai wanda ya fito daga shagon nan ransa a ɓace. Akwai wanda ya biya don ba shi da yadda zai yi, ya tafi yana cewa Allah ya isa. Ban ce ba ku da gaskiya ba, ni ma na faɗa. Shi ma bai ce ba ku da gaskiya ba.

Roƙonku nake, don Allah ku janye. Yau ya je inda ba shi da bakin ba ku haƙuri, mu ma can za mu. Wanda ya yafe ya rubuta a ƙasa, ko kalma biyu ce. Wanda ya san mai mashin da ba ya hawa nan, ya karanta masa. Gobe in Allah ya kai mu zan je gaisuwa, in nuna wa Hajiyarsa da 'ya'yansa, ko zukatansu sa yi sanyi.

Ya Allah ka jiƙan Alhaji, ka yafe masa abin da ke tsakaninka da shi, ka sassauta zukatan bayinka a kan abin da ke tsakaninsu. Yadda ya kwantar da hankalin iyaye mata, Allah ka kwantar da nasa a kabarinsa. Ka ba iyalinsa haƙuri, ka sa albarka a abin da ya bari. 'Ya'yanmu da ke kan hanya, ka dawo mana da su lafiya.

Ku sa shi a addu'a, don girman Allah.

Ni dai, Alhaji, na yafe.