Waya a Cikin Langa

Da hantsi ne, ina tankaɗe a tsakar gida, na ji murfin langa yana kaɗawa a ɗaki. Kar-kar-kar, ya yi shiru, ya sake. Na ɗauka ɓera ne, don haka na shiga da muciya a hannu. Langunan jerena ne na aure, ba a cin abinci a cikinsu, suna saman kwaba, sai salla ta matso ake sauke su a goge. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har na zo kan ta can ƙurya. Da na ɗaga murfin sai ga waya, irin mai shafawa, an naɗe ta da farar safa, tana haske.

A lokacin waya biyu ce a gidanmu, ta Malam maigidana, da tawa ƙarama mai madannai. Safar kuwa ta makaranta ce, ta 'yata ta fari, wadda take aji biyar na sakandare a nan Ƙanƙara.

Sai na faɗi yadda nake da yarinyar nan, in ba haka ba ba za a gane sauran ba. Mu a Damari, inda aka haife ni, mace ba ta kula ɗan fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko kuka yake sai wata ta ɗauka ta miƙo mata. Kunya ce, kuma ana yabon mace da ita. Ni an yabe ni sosai. Da aka yaye ta, Innata ta goya ta ta tafi da ita Damari, can ta girma. Sai da hanyar Sabuwa ta lalace da 'yan bindiga, malamai suka daina zuwa makarantar garin, sannan aka dawo mana da ita tana shekara goma sha uku. Ta zo tana ce mini Yaya, yadda ta ji ƙannena suna faɗi. Ni kuma idan ina son ta, sai in ce wa ƙannenta, ku kira mini waccan. Abincinta ban taɓa ragewa ba, kayan makarantarta ban taɓa bari sun yage ba, kuma ba sallar da zan idar ban yi mata addu'a ba. Amma mu zauna mu yi hira, ni da ita, ba mu taɓa ba. Na yi sakandare, na karanta a littafi cewa 'ya mace tana buƙatar uwarta idan ta fara girma, har na ci jarabawa a kan haka. Ban taɓa kawo shi cikin gidana ba.

Wayar ba makulli. Ba ta zaci akwai mai buɗe langar nan kafin salla ba. Saƙon da ya shigo gajere ne: “Yau kam kada ki ba ni uzuri. Ana tashi ki biyo ta bayan shago, zan bar ƙofa a buɗe.”

Na zauna a bakin gado da garin masara a hannuna. Abu biyu suka taso mini tare. Na farko, ƙarfe biyu ake tashi. Na biyu, rantsuwar Malam. Watannin baya an kama wasu 'yan matan unguwarmu sun tsallake katangar makaranta da ƙarfe tara na safe, sun je wani gida sun cire hijabi suna rawa ana ɗauka a waya, hoton ya zagaye gari. Ranar Malam ya tara yara ya ce, wallahi duk wadda ya kama da waya a gidan nan, karatunta ya ƙare a ranar. Malam ba ya rantsuwa a banza. Yarinyar nan kuwa saura mata shekara guda ta gama, kuma burinta aikin jinya.

Na ja saƙonnin sama, na fara daga farko. Na shirya ganin ƙazanta, kuma na gan ta, amma daga can ƙasa, daga wajensa: turo mini hotonki ba ɗankwali, ke ba yarinya ba ce yanzu, ƙawarki ma tana zuwa. Mai shagon kayan sanyi ne a kusa da makarantarsu, magidanci, shi ya ba ta wayar. Abin da ban shirya gani ba shi ne nata. Yau kaina ya yi ciwo tun safe. Yau ni na fi kowa a gwajin lissafi. Malaminmu bai shigo ba, mun wuni zaune, aji ya cika da baƙi daga ƙauyuka, wasu a ƙasa suke zama. Shi kuma ya amsa, sannu, kin sha magani? Kai, ashe ke gwana ce. Ba wata hikima a maganarsa. Tambaya kawai yake yi, ita kuma ta zuba masa komai.

Akwai guda da har yau ban iya tuna shi ba tare da na ajiye abin da ke hannuna ba. Ta rubuta: “Yau shekarar Inna ɗaya da rasuwa. Ba wanda ya ce mini komai.”

Na tuna ranar. Na yi sadakar waina, na shiga ɗaki na yi kukana ni kaɗai. Uwata ce ta rasu, na ɗauka rashin nawa ne. Ban tsaya na ga cewa matar da ta yi mata tsifa da kitso shekara goma sha ɗaya ita ce aka binne ba, kuma ko jana'iza ba mu samu zuwa ba saboda hanya.

Na yi alwala na yi raka'a biyu. Sannan na kira Malam, yana gona a garin Ƙetare ana cirar masara.

Na ce, “Malam, ina neman izini, zan je makarantar yarinyar nan in taho da ita.”

Ya ce, “Wace yarinya?”

“Babbar.”

Ya ce, “Ke? Lafiya dai? Ba ta da lafiya ne?”

“Lafiyarta lau. In ka dawo zan faɗa maka komai, ba zan ɓoye ba.”

Ya ce Allah ya kiyaye, amma na ji muryarsa ta canza.

Tun da aka sa ta a makarantar ban taɓa taka ƙofar ba. Na tsaya ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro kusa da masu sayar da awara da rake. Tun kafin a kaɗa ƙararrawa na ga yara suna ɗiban hanya ta inda katanga ta rushe. Wasu samari uku sun raɓe a bayan wani kango suna karɓa-karɓa da robar lemo guda, idanunsu sun yi ja, lemo dai ba ya yin haka. Wata yarinya ta naɗe hijabin makaranta ta cusa a jaka, ta zaro gyale ta hau bayan babur. Dukansu ba wanda ya kai ƙaramin ƙanena. Na tsaya ina tunanin iyayensu, kowa yana can yana fama da inda za a samu na cefane, da wanda aka sace, da gonar da ba ta nomuwa saboda tsoro. Yaro ya fita da safe ya dawo da rana, an gode Allah ya dawo, ba a tambayi abin da ke tsakani ba. Ban ga wanda zan zaga ba, don ni ma ga ni a tsaye.

Ta fito tare da wata ƙawarta. Suka tsaya a bakin ƙofa, ƙawar tana jan hannunta wajen hagu, inda shagon yake, ita tana tirjewa kaɗan-kaɗan, irin tirjewar da ba za ta daɗe ba. Ba ni da sunan da zan kira ta da shi a bainar jama'a, bakina bai saba ba. Sai na taka na je na kama ɗaya hannun.

Ta juyo. Ta dube ni a firgice.

“Yaya, wa ya rasu?”

Abin da ya fara zo mata ke nan. A saninta, mutuwa ce kaɗai za ta kawo ni inda take.

Na ce, “Ba kowa. Mu je gida.”

Muka taho kafaɗa da kafaɗa, ban saki hannun ba, ita ma ba ta ƙwace ba. A bakin layinmu muka ci karo da Hajiya maƙwabciyarmu, tsohuwa mai sayar da daddawa, ta saki baki.

“Mi nika gani? Ke da ɗiyar fari, hannu cikin hannu, rana tsaka? To, kunya ta tashi daga duniya, saura mu tattara tabarmi.”

Na ce, “Hajiya, tsufa ne ya zo, ina neman sanda.”

“Wace sanda, ke da ko furfura ba ki fara ba? Ku wuce dai, na ga abin faɗi yau.”

A gida na kori ƙananan zuwa Islamiyya da wuri. Na rasa yadda zan zauna in dube ta ido cikin ido, sai na juye wake a faifai biyu, na tura mata ɗaya. Muka zauna gefe da gefe muna tsinta. Da muka yi nisa na ɗauko wayar na ajiye a kan tabarma tsakaninmu.

Ba ta yi musu ba. Hannunta ya tsaya cikin waken, hawaye suna ɗiga a kai.

Na ce, “Kin taɓa shiga?”

“Wallahi ban taɓa ba. Sau uku ina ce masa gobe.”

“Yau fa?”

Ta ce, “Ban sani ba, Yaya. Ya ce in ban zo ba in mayar masa da wayarsa.”

“Wayar ce ba ki son rabuwa da ita?”

Ta girgiza kai. “Shi kaɗai ke ce mini ya kika wuni.”

Na yi niyyar wa'azi, na ma tanadi ayoyin tun a hanya, kuma daga baya na yi mata shi, don haƙƙi ne a kaina. Amma a wannan zaman abin da ya fito daga bakina daban ne. Na ce mata ranar da Inna ta cika shekara na yi kuka a ɗakin can, ita tana wannan, bango ɗaya ne tsakaninmu. Na ce ban kyauta ba. Na tambaye ta yadda Inna take a shekarunta na ƙarshe, don ita ta zauna da ita, ba ni ba. Sai ga yarinya tana ba ni labarin uwata: yadda take ɓoye goro a kullin zane ta manta, ta tashi gida da neman ɓarawo, yadda take zagin akuyarta da sunan wata da suka yi faɗa tun suna 'yan mata. Muka yi dariya da majina. Wake dai ranar da tsakuwarsa aka ci shi.

Malam ya dawo bayan la'asar. Na bari ya yi wanka ya ci abinci, sannan na miƙa masa wayar, na faɗa masa komai kamar yadda na yi alkawari. Ya karanta na ƙasan, jijiyar wuyansa ta tashi.

Ya ce, “Na rantse, kin kuwa ji da kunnenki.”

Na ce, “Na ji. Amma ka ja sama ka karanta nata, Malam. In akwai wanda za a cire daga wani wuri, ni ce, don ni aka ba amana na tsaya kunya. In ka zaunar da ita a gida yau, wa za ta zauna da shi? Ni ɗin da ba na yi mata magana?”

Ya karanta. Ya daɗe a kan na Inna. Shi ma ɗan fari ne, kakarsa ta riƙe shi, ban taɓa jin mahaifiyarsa ta ambaci sunansa ba har ta koma ga Allah. Ya ajiye wayar ya ce, “Rantsuwar fa?”

“Kai ka koya mini cewa idan mutum ya rantse, ya ga abin da ya fi alheri, sai ya yi kaffara ya bi alherin. Ciyar da mutum goma ne. Ni zan dafa.”

Ya sa hula ya fita da wayar a aljihu, ya biya ta wajen liman da mai unguwa, su uku suka je shagon. Abin da aka yi a can bai faɗa mini ba, ban kuma tambaya ba. Na dai san sun je gidan su ƙawar tata ma, cikin sirri. Washegari da safe ya auno shinkafa ya ajiye mini a ƙofar madafa, ya ce a sa mai da yawa. Sannan ya ɗaga murya yadda za a ji a ɗakin yara, ya ce duk mai zuwa makaranta ya fito kada ya makara.

Ta fito da hijabinta a goge, ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa yana duban wani wuri. Ina bakin murhu ina hura wuta. Ta kai zaure, sai ta dawo, ta tsugunna kusa da ni kamar mai gyara igiyar takalmi, ta yi ƙasa da murya don kada ƙannenta su ji.

“Yaya, in na dawo ki tambaye ni abin da aka yi a makaranta. Ko ba a yi komai ba, ki dai tambaya.”