Kwalba Mai Jan Zare: Ta'aziyyar Dakta Rumasa'u Ƙasimu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, goma ga Shawwal 1446, daidai da takwas ga Afrilu 2025, Allah Ya karɓi ran Dakta Rumasa'u Ƙasimu Kafin Dafga a wani asibiti a Kano, bayan jinyar kwana huɗu. Shekarunta arba'in da shida. An yi jana'izarta a Karaye bayan la'asar. Labarin ya same ni a Zariya ina duba takardun jarrabawa, sai da na juya takarda uku kafin na lura ban karanta ko ɗaya ba.

Rumasa'u, ɗaki ɗaya muka zauna a jami'a, ni ina karatun tarihi, ke kina karatun likitan dabbobi. Tun a lokacin kina da halin kallon abu har mai abin ya tsargu. Da kika dawo daga Birtaniya da digirin digirgir, mutanen gida sun ɗauka maganin wata cuta kika koyo. Sai kika shaida musu cewa kin ƙware ne a kan cutar da ba ta da magani, wadda kuma ba ki taɓa ganinta a garinku ba. An yi miki barka duk da haka.

Firiyon kike kiran abin. Ba ƙwayar cuta ba ce mai rai. Wani sinadarin gina jiki ne da kowa ke da shi a ƙwaƙwalwa, wanda in ya lanƙwashe ba daidai ba sai ya riƙa jan 'yan'uwansa su ma su lanƙwashe, har ƙwaƙwalwa ta koma kamar soso. Shi ya haukata shanu a Turai, shi ke sa tumaki susa da tangaɗi, yana kuma kama mutum jefi-jefi. Ni sau uku kika yi mini bayani ban gane ba. Inna, mahaifiyarki, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, sau ɗaya ta ji. Tana ninke zannuwa a lokacin, ta ce, “To ai na ƙasan ne in ya karkace, duk na saman su bi shi.” Kika ce ai ita ya kamata a ba digirin.

Shekara biyar kika yi a Birtaniya kina ɗiga magunguna a kan ƙwayoyin halitta cikin faranti. Kin ba ni labarin wani tsohon maganin zazzaɓin cizon sauro da ya share firiyon tas a faranti, aka yi ta murna, da aka gwada shi ga marasa lafiya bai tsinana komai ba. Kina dariya kike faɗa, amma idonki ba ya dariya. A 'yan shekarun nan hankalinki ya koma kan wata dabara da ake gwadawa, ta rage yawan sinadarin tun daga tushe, don mai karkacewar ya rasa wanda zai ja. In kina maganarta muryarki takan yi ƙasa, kamar mai tsoron tada jariri daga barci.

Aikinki na gida shi ne neman sanin ko cutar na cikin tumaki da awakinmu. Duk ranar kasuwa kina wajen mahauta da wani siririn cokali, ki ɗebi ɗan abin da bai fi ƙwayar gyaɗa ba ta bayan kan dabba, ki rufe a kwalbar roba, ki manna takarda mai sunan ruga da shekarun dabbar. Da farko an ce tsafi ne. Daga baya aka sassauta, aka ce sana'ar farfesun kai za ki buɗe. Ɗanmaliki mahauci ne ya kashe maganar, ya ce, “Ku ƙyale Dakta. Mai tsafi ba ya rubuta kwanan wata.” Shekara tara kina neman abin da kullum kike roƙon Allah kada ki samu, kuma duk wanda kika auna babu komai a ciki.

Makiyayan Rogo Ruma ba su san firiyon ba. Sun san matar da ke zuwa a bayan babur ta cire wa shanu kaska, ta ba 'yan maruƙa maganin tsutsa, ta sha nono ta tafi. Lokacin da mahaifina ya fara mantuwa, na kira ki a ruɗe, don labaran da kike ba ni sun zauna mini a kai. Kika zo kika kwana uku. Kin zauna kina sauraronsa yana maimaita miki labarin auren kakata har sau bakwai, kowane karo kina tambayarsa abin da ya faru daga nan. Sannan kika ja ni gefe kika ce, “Ba irin tawa ba ce. Tsufa ne. Daina kallonsa kamar jarrabawa, je ki zauna kusa da shi.”

Haɗuwarmu ta ƙarshe a bakin ruwan Challawa ne, da rana tsaka, zafi ya sa tsallaken ruwan yana rawa kamar ba ƙasa ba. Kika ba ni labarin wata tsohuwar tunkiya a Rogo Ruma da ke goga jikinta a bishiya har gashi ya zube, tana tafiya kamar ƙasa na guje mata. Kin ce wataƙila ƙazuwa ce kawai. Kika ƙara cewa wataƙila. Da aka yanka ta kin ɗebi nata, kwalbarta tana cikin firizarki ta gida mai aiki da hasken rana, tare da wasu ɗari biyu da ba ki kai ga aunawa ba, don ba ki yarda da wutar lantarkin ko'ina ba. Bayan Sallah za ki kai su.

Na isa gidanku ranar sadakar uku. Tsakar gida cike da mata, bazara ta kai bazara, ganyen darbejiya ko motsi ba ya yi. Na gaisa, na zauna, aka miƙo mini ruwan leda mai sanyi har yana cizon haƙori. Na sha rabi. Sai na tuna an ce unguwar ta kwana shida ba wuta, kuma firiza ɗaya ce a gidan.

Gwaggo Laure na samu a madafa. Na ce, “Gwaggo, kayan da ke cikin firizar Dakta fa?”

Ta ce, “'Yan kwalaben nan? Suna baho a ɗakin ajiya, ko ɗaya ba mu zubar ba. Yo 'yar nan, mutane tun daga Rogo a wannan rana, sai mu ba su ruwan zafi? Ita kanta marigayiyar za ta yarda?”

Na san ba za ki yarda a ba baƙi ruwan zafi ba, sai na wuce ɗakin ajiyar. Kwalaben na nan suna iyo a ruwan ƙanƙarar da ta narke, murafunsu a rufe gam. Kin taɓa gaya mini firiyon ko tafasa shi aka yi ba ya mutuwa, tun da dama ba rai gare shi ba, saboda haka zafin Karaye bai dame shi ba. Takardun ne suka jiƙe. Tawadar ta narke ta yi shuɗi-shuɗi a ruwan, kyakkyawa da ita. Kwalba ɗari biyu, babu wadda ta san rugarsu. Na tsuguna ina juya su ɗaya bayan ɗaya, kamar zan gane tunkiyar da ido.

Na koma ɗakin Inna don in yi mata sallama, ba da niyyar gaya mata komai ba. Tana kan darduma da carbi, gefenta wata kular abinci. Tun shigowata na ga kular, na ɗauka abincin da ta kasa ci ne. Ta ce in matso. Ta buɗe. Ƙanƙara ce a ciki, da kwalba ɗaya a leda, takardarta a bushe, ta tsohuwar tunkiyar nan ta Rogo Ruma, an ɗaura mata jan zaren ɗinkin hula a wuya.

Ta ce, “Ranar da Rumasa'u ta kawo ta, ta ce, Inna, ko gobara aka yi wannan za a fara ɗauka. Ni ban iya karatunku ba, sai na ɗaura mata zare. Da na ji ana jan firiza na aika aka kawo mini. Sau uku a rana nake canza ƙanƙarar.”

Kwana uku tana karɓar gaisuwar mutuwar 'yarta, hannunta ɗaya a kan murfin kula.

A cinyata na riƙe ta cikin bas har Kano, na damƙa ta ga abokan aikinki. Sun ce sai nan da wasu makonni. Ni da na yi boko na rasa addu'ar da zan yi: in an samu cutar, shekarunki tara sun haifi abin da za a riƙa ambaton sunanki da shi, in ba a samu ba, tumakin mutane lafiyarsu ƙalau. Na gaya wa Inna haka a waya. Ta ce, “Allah Ya sa babu komai. Ita ma abin da take roƙo ke nan.” Na ce amin, kuma na ji shi har zuciyata.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, da maigidan marigayiya Malam Awaisu, da 'ya'yanta Bara'atu da Suhaibu, da Gwaggo Laure wadda ta shayar da baƙin Allah, da mahautan Karaye da makiyayan Rogo Ruma. Ya Allah Ka gafarta wa Rumasa'u, Ka yalwata kabarinta, Ka sanyaya shi. Ka sanya ruwan da aka sha a makokinta cikin mizaninta, Ka karɓi neman da ta yi a matsayin ibada ko da bai kai ga samu ba. Ka kawo wa masu wannan cuta magani ta hannun wanda Ka so. Ka ba Inna haƙurin da ya fi nauyin abin da ta riƙe. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.